Giɓin da Ta Ƙi Cikewa

Bayanta ya fara gani kafin fuskarta. Ta sunkuya a kan gado na shida a ɗakin mata, hannu ɗaya a ƙarƙashin kafaɗar wata dattijuwa mai jiki wadda ɓarin jikinta ya shanye, ɗaya hannun a ƙugunta, tana kiciniyar juya ta ita kaɗai. Gumi ya jiƙa bayan farar rigarta. Taku goma daga wurin, nas uku na zaune a teburinsu, kowacce ta duƙufa a kan wayarta kamar a ciki majinyatan suke kwance.

Shi mai gashin ƙashi ne, duk asibitin Fisiyo ake ce masa. Ya ajiye jakarsa a ƙasa, ya zagaya ɗaya gefen gadon.

"Dakata, Sista. A haka za ki ɓalla bayanki, ki zo ɗakina ki ƙara min layi."

Ta ɗago kai. Ba ta saba jin Sista ba a ɗakin nan. Sati uku da fara aikinta, Sabuwa kowa ke ce mata, kuma da muryar da ake kiran mai laifi.

"Na nemi a kama min," in ji ta a hankali. "An ce ana zuwa."

"Tun yaushe?"

"Tun ƙarfe takwas."

Ya dubi agogon bango, goma ta gota. Ya kama zanen gadon ta gefensa, ya nuna mata inda za ta riƙe, suka ƙirga zuwa uku, dattijuwar ta juya cikin sauƙi. Sabuwa ta cusa mata filo a baya, wani tsakanin gwiwoyi, ta shafa mata mai a diddige da ƙugu, sannan ta ciro takardar da ke rataye a ƙafar gadon.

Takardar juyi ke nan. Majinyacin da ba ya iya motsi dole a juya shi duk bayan awa biyu, in ba haka ba fatarsa ta mutu a inda nauyinsa ya danne, ta zama gyambo. Duk wadda ta juya sai ta sa hannu a layin lokacin. Fisiyo ya leƙa, ya ga ta sa hannu a layin ƙarfe goma, ta tsallake na takwas.

"Kin manta layi ɗaya."

"Ban manta ba. Ba a juya ta da takwas ba."

Sai a lokacin ya dube ta da kyau. Siririya ce mai doguwar fuska, idanunta sun yi ja don gajiya, kuma ba ta kawar da su ba. Shekara huɗu yana shiga ɗakin nan bai taɓa ganin takardar juyi mai giɓi ba, bai kuma taɓa tambayar kansa dalili ba. Ya ɗauki jakarsa ya wuce, sai da ya kai gado na tara ya tuna ai na shida ya zo dubawa.

Ga yadda ake yi a ɗakin. Da an karɓi aiki sai a kwaso takardun juyi gaba ɗaya a kai teburi, a cike layukan tun daga farkon duti har ƙarshensa da biro ɗaya, a mayar a rataye. Juyin kansa, in an samu sarari a yi, in ba a samu ba takarda ta riga ta ce an yi. A yi musu adalci, gadaje talatin ne, hannaye kaɗan. Sai dai abin da aka fara don ƙarancin hannu ya daɗe da zama ɗabi'a, har wadda ta ƙi yi ita ce ta zama abin nunawa.

Matiron, shugabar ɗakin, ba ta ɗaga murya, ba ta ma buƙata. Sai an taru wajen miƙa aiki take ɗaga takardar Sabuwa da yatsa biyu kamar tsumman goge teburi, ta ce, "Ku zo ku ga aikin 'yan makarantar yanzu. An koya musu musu, an manta da aiki." A kwashe da dariya. Wadda ta fi kowa dariyar ita ce wata nas da ake ce wa 'Yar Gaban Goshi a bayan idonta, domin ita ke tsara jadawalin duti, ita ke kai wa Matiron labarin kowa, da na gaske da wanda ta ƙara wa gishiri.

Sabuwa kan haɗiye. Tana cikin wata shida na gwaji, kuma sa hannun Matiron ne zai tabbatar da ita a aiki. In abin ya cika mata ciki sai ta shiga ɗakin ajiye zannuwan gado, ta yi kukanta na minti biyu, ta wanke fuska ta fito. Zagin bai kai wani abu ci mata rai ba: ta fara tambayar kanta ko dai ita ce ba ta iya aikin ba. Mutum goma in suka dage kullum suna ce maka kai ne karkatacce, wata rana sai ka fara duba tsayuwarka.

Fisiyo kuwa sai ga shi ya gano, a iliminsa mai zurfi, cewa majinyatansa na ɗakin mata sun fi buƙatarsa da ƙarfe takwas, da goma, da sha biyu daidai. Takardar gado na shida ta fara cika da gaskiya. Dattijuwar, wadda bakinta ya karkace amma idonta ras yake, ta riga kowa ganewa.

"Ɗan nan," ta ce da ƙyar wata rana, "ni kake zuwa dubawa, ko in rufe ido?"

Sabuwa kamar ta nutse. Shi kuwa ko a jikinsa, cewa ya yi, "Ki bar su a buɗe, Kaka, ina buƙatar shaida."

Ran nan bayan an tashi, tana cikin motar haya, saƙonsa na farko ya shigo:

"Sista, Fisiyo ne. Kowa na ce miki Sabuwa, ni ban so. Wata rana za a kawo wata sabuwar, sunan ya tashi daga kanki. Ina neman izinin ba ki wanda ba ya tashi."

Ta karanta sau uku, har ta kusa wuce inda take sauka. Ta rubuta: "Wane suna ne haka, Yallaɓai?"

"Tawa."

"Wannan ai ƙwace ne."

"To ki kai ƙara. Zan zo har gida in amsa laifina a gaban Baba."

Ya kuwa zo. Babanta tsohon tela ne mai ciwon gwiwa. Ya yi wa baƙon tambaya uku a kan iyayensa, talatin a kan gwiwa, kafin a yi sallama har an naɗe ƙafar wando ana lanƙwasawa. Da ya tafi, tsohon ya ce wa 'yarsa, "Yaron nan hannunsa da tausayi." Ta shige ɗaki tana murmushi, domin ita ma abin da ta fara so a wurinsa ke nan.

Matsalar ta ɓullo daga inda ba a zata ba. Mamansa tsohuwar nas ce, ta yi shekara talatin da biyar a aiki kafin ta huta, kuma a hannunta Matiron ta koyi aiki. Da ɗanta ya ce mata ya samu nas, murna ta yi, ta ɗauki waya ta kira tsohuwar ɗalibarta don ta ji halin yarinyar.

A bencin da ke bayan ɗakin magani ya faɗa wa Sabuwa, yana ta juya makullin ofishinsa a hannu.

"Ta ce mu dakata."

"Faɗa min yadda ta faɗa, Yallaɓai. Kar ka sassauta."

Ya sosa ƙeya. "Ta ce wadda ta kasa riƙe majinyaci na awa takwas ba za ta riƙe gida ba. An ce mata ke kaɗai ce takardunki ke da giɓi, kuma ba kya jin magana."

"Ai ba a yi min ƙarya ba. Ni kaɗai ce."

"Na yi mata bayani, Tawa. Ta ce so ne ke magana a bakina, ita kuma ta san aikin nan tun kafin a haife ni."

Sabuwa ba ta ga laifin tsohuwar ba, kuma hakan ya fi ciwo. Uwa ce ta tambayi wadda ta amince da ita.

Labari ba ya kwana a asibiti. 'Yar Gaban Goshi ta daɗe tana fama da wani ciwon wuya mai ban mamaki, wanda ba ya tashi sai Fisiyo na ofis, kuma da ta ji an kai maganar gida, ciwon ya warke, wani ya kama ta. Jadawalin sabon wata ya fito: Sabuwa ta koma aikin yamma, daga biyu zuwa takwas, lokacin da Fisiyo ba ya shiga ɗakin. An haɗa mata duk gadajen waɗanda ba sa motsi. Safiyar gado na shida kuwa, 'Yar Gaban Goshi ta ɗauka da kanta.

Sabuwa ta yi iya yinta. Ta roƙi masu zuwa dubiya, ta roƙi mai shara, wani lokacin ta yi ita kaɗai har bayanta ya amsa. Inda ta juya ta sa hannu, inda ta kasa ta bar wurin fari. Sau uku tana zuwa wurin Matiron tana neman a haɗa ta da mutum ɗaya.

"Mu da muka yi aikin kafin ke," in ji Matiron ba tare da ta ɗago ba, "aljanu ne suka kama mana?"

A sati na uku fatar ƙugun dattijuwa ta buɗe. Fisiyo ne ya fara gani, ranar da aka kai masa ita ɗakin gashi. Ransa ya ɓaci, ya ja fayil ɗinta ya rubuta layi biyu: "Gyambo ya fara a ƙugu. Takardar juyi na da giɓi a aikin yamma, a duba." 'Ya'yan dattijuwa suka kai kuka sama, hukumar asibiti ta kafa kwamiti.

A gaban kowa Matiron ta miƙa wa Sabuwa takardar tuhuma, wajen miƙa aiki. An manna wata takarda a bayan tuhumar. Ko ba a sa suna ba ta san rubutun nan mai kwanciya gefe ɗaya, domin da shi ake rubuta mata "ki ci abinci" a ƙaramar takarda a cusa mata a aljihu. Layi biyun nan ne da Fisiyo ya rubuta a fayil.

"Har wanda ke zuwa kama miki ya gaji," in ji 'Yar Gaban Goshi, tana duba farcenta.

Fisiyo ya kira ta sau bakwai ba ta ɗaga ba. Sai saƙo:

"Tawa, na rubuta ne don a tilasta musu su ba ki mai kama miki. Wallahi ban yi tunanin yadda za a karanta shi ba."

Ta daɗe kafin ta amsa: "Ka san wadda ke aikin yamma. Ka rubuta giɓin, ba ka rubuta dalilinsa ba. Don Allah ka bar ni in ji da abu ɗaya."

Kwana biyu kafin zaman kwamiti Matiron ta kira ta ofis. Karo na farko aka ce mata ta zauna. Takardun juyi na sati uku na jere a kan teburi, biro na kwance a kansu.

"Ni ba maƙiyiyarki ba ce," in ji Matiron, da wata murya mai taushi da Sabuwa ba ta san tana da ita ba. "In kwamiti ya ga takardun nan a cike, za su ce tsohuwa ce, ga jiki, ga ciwon suga, gyambon ƙaddara ne. Kowa ya huta. In suka gan su haka, sunan wa ke jadawalin yamma?"

"Nawa."

"To ki cike. Rubutun Fisiyo ba matsala ba ne, zan ce ya gani ne kafin a kai ga sa hannu. Ni kuma in yaga tuhumar, in sa hannu a tabbatar da ke. Har uwar yaron nan zan kira in ce na yi gaggawar yanke miki hukunci. Kin ga komai ya dawo miki a minti biyar."

Sabuwa ta dubi biron. Kada wani ya ce zuciyarta ba ta karkata ba. Ta karkata sosai. Tana son aikin nan, shekara uku ta yi tana karatunsa. Tana son mutumin nan, duk da fushin da take yi da shi, so irin wanda ke hana cin abinci. Ta nemi a ba ta zuwa gobe.

Da safe ta samu Baba a kan kekensa yana ɗinke aljihun wata riga. Ta zauna a ƙasa kusa da ƙafarsa ta kwashe komai ta faɗa masa. Ya tsayar da keken.

"Layi nawa ne?"

"Sha tara, Baba."

"In kika cike, tsohuwar za ta warke?"

"A'a."

"Wadda za a kwantar a gadon bayanta fa, za a juya ta?"

Ya cire tabarau ya goge da bakin rigarsa.

"Ni ba zan ce ki yi ko kar ki yi ba, 'yata. Aikin naki ne, mijin ma naki ne. Amma in sun kore ki, ɗakinki na nan, keken nan ma bai mutu ba."

Da ƙarfe biyu ta shiga ofishin Matiron, ba ta zauna ba.

"Ki yi haƙuri, Matiron. Ban juya ta ba a lokutan nan, ba zan rubuta na juya ba."

"Kin san abin da kika zubar?"

"Na sani."

"A kan takarda?"

"Hannuna ne zai hau kanta," in ji Sabuwa. Ta fita ta kama aikinta, ranar ko kuka ba ta yi ba.

Mutum uku ne a kwamitin, a wani ƙaramin ɗaki mai fanka ɗaya. Matiron ta yi magana a natse, ta ce yarinya ce mai taurin kai, an yi ta ja mata kunne. 'Yar Gaban Goshi ta shimfiɗa takardun safe, ko layi ɗaya babu fari, sa hannunta a jere gwanin sha'awa. Aka ce Sabuwa ta kare kanta. Ta faɗi gadajen da aka ba ta, da ranakun da ta nemi taimako, da amsar da ta samu. Ta ce gyambon a hannunta ya fito, kuma yana damunta fiye da yadda za ta iya faɗa. Shugaban kwamitin, wani likita mai furfura, ya yi rubutu bai nuna komai a fuska ba. Maganarta ce kawai a kan ta mutum biyu, kuma ta ga yadda abin ke tafiya.

Sai aka ƙwanƙwasa ƙofa. Fisiyo ne, rungume da wani ƙaton littafi mai baƙin bango.

"Ranka ya daɗe, ni na yi rubutun da ke cikin tuhumar nan, kuma rabi na rubuta. Da idona na ga Sistar nan tana juya majinyaciyar ita kaɗai, mutum uku na zaune. Ya kamata in rubuta wannan ma, ban yi ba. Laifina ne."

Ya buɗe littafin a gaban likitan. Rajistar ɗakin gashi ce, inda ake rubuta lokacin shigar kowane majinyaci da fitarsa. Duk Talata da Alhamis ana sauko da dattijuwar gado na shida a keke da tara da rabi, ba a mayar da ita sai sha biyu da rabi.

Likitan ya ja takardun safe ya ajiye kusa da rajistar. Ya bi da yatsa, ya koma, ya sake bi. Sannan ya dubi 'Yar Gaban Goshi ta saman tabarau.

"Sista, ranar Talata da ƙarfe goma kin sa hannu kin juya ta hagu a gado na shida. Da sha biyu kin juya ta dama. A lokutan nan tana hawa na ƙasa. Wa kika juya?"

Kwana shida aka duba, duk haka. Mai cike takarda tun da sassafe ba ta tuna wace rana ce ake fita da majinyaciya ba, don ba ta zuwa gadon balle ta tarar babu kowa.

Aka ce kowa ya tafi, za a ji hukunci nan da sati. A baranda ya tsaya nesa da ita kaɗan, littafin a ƙirjinsa.

"Har yanzu ina fushi," in ji ta.

"Na sani. Kin fi ni gaskiya."

"Kwana uku ban ci abincin kirki ba saboda kai."

"Ni ma. Ki tambayi mai kantin asibiti, har gaisuwar rashin lafiya ya yi min."

Ta so ta daure, dariyar ta ƙwace mata, hawaye na biye da ita. Ya miƙa mata hankici bai matso ba. "Ki gama fushin a hankali, Tawa. Ina nan."

Ranar Asabar da hantsi, hukunci bai fito ba tukuna, aka yi sallama a gidansu. Wata dattijuwa ce tsaye, miƙaƙƙiya, fararen takalma a ƙafarta. Ta gaisa da Baba, ta ce 'yarsa take son gani. Sabuwa ta durƙusa ta gaishe ta, ta gane ta nan take, domin idanun Fisiyo ne sak a fuskar.

"Tashi ki zauna kusa da ni," in ji Mama. "Ban zo don kwamiti ba, ban san me za su yanke ba. Ranar da kika ƙi cike takardun nan, Matiron ɗinku ta kira ni tana kai ƙararki. Kin san me ta ce? Ta ce, 'Mama, yarinyar nan ta ƙi yin abin da ke kika koya mana.'"

Ta murza zoben hannunta.

"Na buɗe baki in ƙaryata ta, na kasa. Ni na koya mata. Lokacin da ta zo hannuna ba ta kai ki jiki ba, ga tsoro. Ta bar layi biyu fari a takarda, na tsayar da ita a gaban kowa na yi mata wankin babban bargo. Ta yi kuka, na ce kuka ba ya cikin aikin. Washegari ta kawo min takarda a cike, na ce yanzu kin zama nas. Ni ma haka aka yi min, na ɗauka haka ake yi. Shekara talatin da biyar ana yabona a kan tsabtar takarduna, ban taɓa zama na ƙirga bayan mutum nawa ya ruɓe a ƙarƙashinsu ba sai satin nan."

"Mama, hannu ne ya yi kaɗan," in ji Sabuwa a hankali.

"Ya yi kaɗan. Amma da mun bar giɓin, da na sama sun gani sun ƙara. Mu muka rufe musu ido da hannunmu." Ta juyo ta dube ta. "Na yanke miki hukunci ban gan ki ba. Ki yafe min, 'yata. Ko sun tabbatar da ke ko sun sallame ki, manyanmu za su zo wurin Babanki ranar da ya sa musu."

Baba, wanda ya ce zai shiga ciki amma bai wuce bayan labule ba, ya yi gyaran murya ya ce Asabar mai zuwa ba shi da ɗinki.

Hukunci ya fito. An soke tuhumar, an tabbatar da Sabuwa. Matiron da 'Yar Gaban Goshi sun samu gargaɗi a rubuce, an karɓe jadawali daga hannun ta biyun, an ƙara nas ɗaya a aikin yamma, kuma daga ranar mutum biyu ke sa hannu a kowane juyi. Ɗakin bai zama aljanna ba. Wasu sun daina amsa gaisuwarta, Matiron na yi mata magana ne kawai in ya zama dole. Amma akwai biyu da suka fara tashi daga teburi in ta doshi gado, ba tare da ta roƙa ba. Gyambon dattijuwa ya ɗauki sati bakwai kafin ya rufe, kuma Sabuwa ce ta wanke shi kusan kullum.

Bayan wata uku aka ɗaura aure. Da safiyar ranar saƙonsa ya shigo tana tsakiyar 'yan uwa:

"Yau ƙarar da kika kai ta ƙare, an yanke min hukuncin zama da ke har abada. Ba zan ɗaukaka ƙara ba."

Ta rubuta: "Allah ya ba ka haƙurin zaman, Yallaɓai. Ni ma taka ce."

Da la'asar, mutane sun ragu, Mama ta sa aka ba su wuri ita da amarya. Ta riƙe hannayenta biyu, ta juya su tana duba tafukan, sun yi kanta saboda jan zanen gado.

"Na yi aiki da nas sun fi ɗari," in ji ta. "A cikinmu, in muna so mu auna mutum, tambaya ɗaya muke yi wa kanmu a ɓoye, ba ma faɗa. Yau zan faɗa miki tawa amsar. Tsufa na tafe, wata rana zan kwanta in kasa motsi. Ranar nan ke nake so a kaina."

Amarya ta sunkuyar da kai, hawaye na ɗiga a kan hannayensu.

"Zan tsaya, Mama. Ni da ɗanki, mu biyu."

"Allah ya yi muku albarka. Ya ba ku zaman lafiya da zuriya mai tausayi, ya sa ku tsufa tare." Daga bakin ƙofa, inda ango ya laɓe yana saurare, aka ce amin kafin kowa.